Antibodi na CD4: Sinadarin da Ake Ƙidayar Ƙwayoyin Garkuwar Jiki da Shi

Duk mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV da ya taɓa karɓar sakamakon gwaji a asibiti ya san kalmar CD4 da adadin da ake rubutawa a gabanta. Ana samun wannan adadi ne ta hanyar amfani da wani sinadari da ake kira antibodi, wanda aka ƙera musamman domin ya gane furotin guda ɗaya tak a jikin ƙwayar jini.

Mene ne CD4?

CD4 furotin ne da ke zaune a bayan wasu fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda ake kira ƙwayoyin T masu taimako. Aikinsu shi ne tsara yadda sauran ƙwayoyin garkuwar jiki za su tunkari cuta. Idan aka duba su a madubin ɗakin gwaje-gwaje, ba su da bambanci da ’yan uwansu ta fuskar girma ko siffa. Furotin ɗin da ke bayansu ne kaɗai shaidar da ke raba su da saura, shi kuwa ya yi ƙanƙantar da madubi ba ya iya nuna shi.

Yadda aka samo antibodin

Antibodi furotin ne da jiki ke sarrafawa domin ya kama baƙon abu. Yana da siffar harafin Y, kuma kowane iri yana manne wa abu guda ne kawai. A shekarar 1975, César Milstein da Georges Köhler, a birnin Kambirij na Ingila, suka haɗa ƙwayar saifar ɓera mai samar da antibodi da ƙwayar sankara mai hayayyafa ba tsayawa. Haɗin ya haifar da ƙwayar da ke fitar da antibodi iri ɗaya ba yankewa. Wannan aiki ya sa suka sami kyautar Nobel a 1984, tare da Niels Jerne.

A 1979 masu bincike a Amurka suka yi amfani da dabarar wajen samar da antibodin da suka kira OKT4, wanda ke kama ƙwayoyin T masu taimako. Da irin waɗannan sinadarai suka yawaita, kowane ɗakin bincike da sunan da ya raɗa wa nasa, sai masana suka hallara a birnin Faris a 1982 suka fito da tsarin suna na bai ɗaya mai farawa da haruffan CD. A 1984 kuma aka tabbatar cewa CD4 ne ƙofar da HIV ke kamawa ta shiga ƙwayar.

Yadda ake gwajin

Ana liƙa wa antibodin wani rini mai ƙyalli, sannan a zuba shi cikin jinin da aka ɗiba. Antibodin zai manne wa duk ƙwayar da ke da CD4. Daga nan a tura jinin cikin na’urar da ke jera ƙwayoyin su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Wadda ke ɗauke da rinin za ta yi ƙyalli, na’urar ta ƙidaya ta.

Sai dai akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait, waɗanda su ma ke da CD4 kaɗan a bayansu. Don kada su shiga lissafi, akan haɗa da wani antibodin mai rini daban da ke kama CD3, furotin da ke kan ƙwayoyin T. Ƙwayar da ta nuna launukan biyu ita ake ƙirgawa.

Ma’anar adadin

Baligi mai ƙoshin lafiya yakan sami ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar cewa cutar ta yi nisa, kuma tarin fuka da wani nau’in sanƙarau da fangas ke haddasawa na iya kama mutum cikin sauƙi.

A da, da wannan adadi ake yanke shawarar wanda za a fara ba magani. A 2015 hukumar ta ba da shawarar a fara ba kowa magani da zarar an gano yana ɗauke da cutar, kuma Nijeriya ta bi wannan tsari. Yanzu gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ake bibiyar magani da shi, amma har gobe ana buƙatar gwajin CD4 ga wanda ya zo asibiti karon farko ko ya dawo bayan ya daina shan magani. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Nijeriya.

Abin da ke ɓata sakamako

Ingancin sakamako ya rataya ne a kan ingancin antibodin. Ana adana shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da haske, domin zafi na lalata furotin ɗin, haske kuma na dusar da rinin. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan babban nauyi ne a kan ma’aikatan ɗakin gwaji. Jinin da ya daɗe a ajiye ma yakan ba da adadin da ba daidai ba. Shi ya sa ake fara gwada na’urar da samfurin da aka riga aka san adadinsa kafin a taɓa jinin majiyyaci, domin kuskure a lissafin na iya sa a sallami mutumin da ya kamata a bincika masa tarin fuka da sanƙarau tun a ranar.