Schutzhund: Jarrabawar Karnukan Tsaro ta Jamus

Schutzhund tsari ne na horar da karnuka da jarraba su a kan aikin tsaro, wanda ya samo asali a Jamus a farkon ƙarni na 20. Ƙungiyar masu kiwon karen makiyaya na Jamus, wato SV, wadda Max von Stephanitz ya kafa a 1899, ita ta ɓullo da shi domin tantance karnukan da suka cancanci a yi iri da su. Tun daga 2019 ana kiransa IGP, a ƙarƙashin hukumar karnuka ta duniya, FCI.

Jarrabawar kashi uku ce: bin sawu, biyayya da kariya. Kowane kashi maki 100 ne, kuma sai kare ya samu aƙalla 70 a kowanne kafin a ce ya ci.

Kashin kariya ne ya fi jan hankalin 'yan kallo. Wani mutum zai sanya kariyar hannu mai kauri ya ɓuya, karen ya zagaya maɓoya har ya gano shi, ya tsare shi da haushi ba tare da ya taɓa shi ba. Sai mutumin ya gudu ko ya kai farmaki ne karen zai cafke hannun, kuma da zarar mai karen ya ce ya saki, dole ya saki. Karen da ya ƙi sakin, komai jarumtarsa, fitar da shi ake yi daga gasar. A yau har da karnukan Malinois da Rottweiler da Dobermann ake fafatawa.