Ƙurar hunturu da ta zama gonakin Funtua

Duk wanda ya taɓa leƙa ramin da ake haƙar ƙasar gini a gefen Funtua, ko Bakori, ko kan hanyar Malumfashi, ya ga abin ko da bai kula ba. A sama akwai ƙasa mai laushi, in ka murza ta da yatsu sai ka ji ta sumul kamar garin tuwo. Can ƙasa kuma sai a ci karo da tsakuwa da marmara da ruɓaɓɓen dutse. Ta ƙasan 'yar gida ce, daga dutsen wurin ta fito. Ta saman kuwa baƙuwa ce, iska ce ta kawo ta, hunturu bayan hunturu, shekaru dubbai. A kanta audugar Funtua ta yi suna, a kanta masara take yi yau.

Ba dare ɗaya masana suka gane haka ba, domin rubutaccen tarihin yanayinmu gajere ne. Ma'aunin ruwan sama a Kano bai fara aiki ba sai wajen 1905. Kafin nan sai abin da aka rubuta a Tarihin Kano, irin yunwar shekara goma sha ɗaya ta zamanin Sarki Muhammadu Zaki, da abin da tsofaffi suka riƙe. Mai son ya wuce nan dole ya tambayi ƙasa da kanta. A Romaniya, ƙanƙarar da ke cikin kogon Scarisoara ta ba da labarin sanyin shekara kusan 10,000. Mu ba mu da kogon ƙanƙara; ƙura muke da ita, da laka.

A 1958 wani masanin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya nuna cewa jigayin da suka miƙe a arewa maso gabashin Kano tsofaffin tudun rairayi ne irin na Sahara, waɗanda ciyawa da gonaki suka lulluɓe. Wato akwai zamanin da hamada ta sauko har cikin ƙasar Hausa, sannan ta ja da baya. A 1971 wasu masana biyu 'yan Holan, Sombroek da Zonneveld, da suka binciki kwarin Rima da Sakkwato, suka bambance ƙasa mai laushin nan ta kudu, har suka laƙaba mata sunan Funtua. Daga baya wani masani, Grant McTainsh, ya kafa tarkon ƙura a Kano da kewaye a ƙarshen shekarun 1970, ya tara abin da hazo ke zubarwa, ya gwada shi da ƙasar gonaki, ya ga dangi ne. Yashi mai nauyi ya yada zango a arewa, mai laushin ya wuce kudu ya sauka.

To, daga ina ƙurar take tasowa? Mafi yawanta daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, inda babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Kwarin nan gindin tafki ne a da. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 350,000. Farin hazon da ke sa leɓe ya tsage a watan Janairu, har direba ya kunna fitila da rana tsaka, akwai ɓawon ƙananan halittun wancan ruwa a cikinsa. Shaidar yawan ruwan wancan zamani da ta fi ratsa ni ita ce kwalekwalen Dufuna: a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da shi, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000.

Sai dai ƙasar gona ba ta iya ba da lissafi shekara-shekara. Garma ta juya ta, gara ta yi ta safara da ita sama da ƙasa. Shi ya sa masana suka koma ga tabkuna, inda laka ke kwanciya ba mai taɓa ta. A Tafkin Tila, kusa da Biu, ƙurar furannin da ta nutse ta nuna cewa dajin da ya fi na yau duhu, mai namijin kaɗanya, ya taɓa rufe wurin. A Kajemarum kuma, wani ɗan tafki a tsakiyar rairayin Manga, an zura bututu aka zaro laka ta shekara 5,500, aka buga sakamakon a 2000. Yawan ƙurar da ke kowane sashe yana nuna ƙarfin hunturu, ɓawon halittun ruwa kuma yana nuna yadda tafkin ya yi gishiri saboda ƙarancin ruwa. An ga fari mai tsawo tsakanin shekara 1,200 zuwa 1,000 da suka wuce, wanda ya fi duk abin da ƙarni na ashirin ya gani. Lakar Tafkin Bosumtwi na Ghana ma ta nuna wani farin da ya ɗauki daga wajen 1400 zuwa 1750.

Wannan ne ke damuna idan na dubi gonakinmu. Mu yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984 muke ɗauka a matsayin iyakar masifa, domin su kaɗai muka sani. Tun da shirin bunƙasa noma na Funtua ya soma a 1975 da tallafin Bankin Duniya, masara ta ture dawa da gero a gonaki da yawa, alhali ita ba ta jure yankewar ruwa lokacin da take fitar da gemu. Manomin da har yanzu yake ware ƴan kunyoyi ya shuka kaura ko farfara a gefen masararsa, ba ƙauyanci yake yi ba, kuma ya kamata malaman gona da cibiyar bincike ta Samaru su taya shi adana irin.