Wasiƙa daga Amurka: Tarihin rigimar hayaƙin kwal

Yau tarihi zan ɗan ba ku, na wata rigima da Amurkawa suka kwashe fiye da shekara 50 suna yi, wadda kuma a kanta nake binciken digirina: shin a sassauta wa tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal dokar hayaƙi, ko a ƙara matsa musu?

Abin ya samo asali ne daga asarar rayuka. A watan Oktoba na 1948, a wani ƙaramin gari da ake kira Donora a jihar Fensilbeniya, hazo ya haɗu da hayaƙin masana'antu ya lulluɓe garin wajen kwana biyar, mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta ciwo. A Disamba na 1952 irin haka ta faru a Landan, inda hayaƙin kwal ya kashe aƙalla mutum 4,000. Daga nan aka fara yarda cewa iska ma aba ce da hukuma za ta tsare. Ingila ta yi dokarta a 1956. Amurka kuwa sai a 1970 shugaba Nixon ya kafa hukumar kare muhalli ta EPA, ya kuma sa hannu a babbar dokar tsabtace iska.

To amma dokar ta zo da wata ƙofa a buɗe. Sabbin tashoshi ne aka ɗora wa sharuɗɗa masu tsauri, tsofaffin aka yi musu rangwame, bisa zaton kwanansu ya kusa ƙarewa, za a rufe su. A 1977 aka yi wa dokar gyara: duk tsohuwar tashar da aka yi wa babban aiki har hayaƙinta ya ƙaru, dole ta sa matatar hayaƙi ta zamani. Gyaran yau da kullum kam ba laifi. Nan fa ake yin ta! Ku tuna tsohuwar Peugeot 504 da ake kai wa bakanike, bana a sauya inji, baɗi a sauya giya, wata shekara a sauya bodi, amma a takarda tana nan tsohuwar mota. Haka aka zargi kamfanonin wuta da yi, suna sabunta tashoshinsu kaɗan-kaɗan suna cewa gyara ne.

Ita kuwa iska ba ta san iyakar jiha ba. Tashoshin kwarin kogin Ohayo sun gina dogayen bututun hayaƙi, sai iska ta riƙa kwasar hayaƙin farar wuta tana kai shi Niyok da Kanada, ya sauko cikin ruwan sama mai guba, kifaye suka ƙare a tafkuna da dama. A 1990 shugaba Bush babba ya sa hannu a wani tsari na rage hayaƙin farar wuta da tan miliyan 10 a shekara, in aka kwatanta da na 1980. An ba kowane kamfani kasonsa, wanda ya rage fiye da nasa yana iya sayar da rarar ga wani. Tsarin ya yi aiki, kuma kuɗin da ya ci bai kai abin da aka yi ta tsoro ba.

A 1999 gwamnatin Clinton ta maka manyan kamfanonin wuta a kotu kan wancan batun na gyara. Da Bush ƙarami ya hau, sai akalar ta juya. A 2003 EPA ta ce muddin kuɗin aikin bai wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin sake gina sashen ba, gyara ne kawai. Jihar Niyok da wasu jihohi suka kai ƙara, a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ƙa'ida. A 2007 kamfanin AEP ya amince zai kashe kimanin dala biliyan 4.6 wajen rage hayaƙin tashoshinsa.

Kada ku ɗauka masu neman sassauci ba su da hujja. Suna cewa tsananin doka yana hana kamfani taɓa tsohuwar tasha ko da aikin zai sa ta rage cin kwal, yana tsadar da wuta, yana kuma kashe garuruwan Birjiniya ta Yamma da Kentaki da ba su da wata sana'a sai haƙar kwal. Wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙun Kaduna ba zai raina wannan kuka ba. Ɗaya ɓangaren kuma suna nuna asibiti. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya danganta mutuwar tsofaffi kimanin 460,000 tsakanin 1999 da 2020 da ƙurar hayaƙin tashoshin kwal, kuma adadin ya yi ta raguwa yayin da ake sa matata ko ake rufe tashoshi.

Daga baya abin ya zama kowa ya hau ya kwance ɗaurin na baya. Obama ya kafa ƙa'idar zaiba a 2011, Biden ya ƙara mata tsauri a 2024, Trump ya ɗage wa tashoshi da dama wannan ƙarin na shekara biyu a 2025. Abin mamaki, arhar iskar gas ta fi kowace doka karya kwal. A 2005 kusan rabin wutar Amurka daga kwal take, a 2023 ta koma kashi 16 cikin 100.

Ni dai abin da na fi gani a wannan tarihi shi ne rangwamen 1970. An yi shi ne da niyyar ɗan lokaci, amma ya sa riƙe tsohuwar tasha ya fi gina sabuwa riba, har wasu tashoshin suka haura shekara 50 suna aiki. Mai tasha yana lissafin kuɗin matata a littafinsa, mai tarin fuka da ke can inda iska ke kai hayaƙin ba ya cikin littafin kowa, sai da jihohi suka je kotu aka fara ƙirga shi.

A gaida su Baba da Inna, a ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso. A gaida yara da duk wanda ya tambaye ni. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Wassalam.