Dorugu: Ɗan Damagaram da Ya Dawo Daga Ingila a 1864

Tun kafin zamanin jirgin sama da tsarabar turare, wani Bahaushe ya yi kusan shekara tara a Turai, sannan ya kamo hanyar gida. Sunansa Dorugu, kuma labarinsa na cikin tsofaffin labaran komowa daga ƙasar waje da aka adana da Hausa.

An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas da ke ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Borno a lokacin. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa ke kira Abdulkarim. Da shi suka je Tambutu, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a 1855.

A Ingila, Dorugu ya zauna wurin wani malamin mishan, James Frederick Schön, mai nazarin Hausa. Yaron ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Daga bakinsa aka samu kaso mai yawa na abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Wato a lokacin da ya fi nisa da gida ne ya fi yi wa harshen gida hidima.

Abbega ya riga shi dawowa, a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa sai 1864. To amma ina ne gida ga wanda bauta ta raba da iyayensa? Ya tafi yana ɗan yaro, ya dawo saurayi mai jin Turanci, mai karatu da rubutun boko a ƙasar da ajami kaɗai aka sani. Wannan ilimi shi ya zama abin cin abincinsa: ya yi tafinta ga Turawa shekaru masu yawa, yana tsaye tsakanin mutanen da suka haife shi da waɗanda suka rene shi. Tafinta mutum ne da kowane ɓangare ke buƙata, amma ba kasafai wani ɓangare ke sakin jiki da shi ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A nan ya rasu a 1912. Kano ba mahaifarsa ba ce, amma Hausar da ya riƙe a Landan ita ce ake yi a kasuwanninta.

Likita ko injiniyan da ke sauka a Kano yau bayan shekaru a waje ya fi Dorugu sa'a, domin akwai dangi masu jiransa da gidan da zai yi sallama. Sai dai abu guda ya haɗa su: wanda ya daɗe a waje yakan tarar an canja, shi ma ya canja, kuma sai ya sake koyon zama da nasa kamar yadda ya koyi zama da baƙi.