BABI NA BIYU: TARIHIN SANA'AR ƊAUKAR SAUTI DA SHIGAR MATASA CIKINTA A HOTORO, GYAƊI-GYAƊI DA TARAUNI

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda sana'ar ɗaukar sauti ta samu gindin zama a unguwannin Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da kuma hanyoyin da matashi kan bi kafin ya zama gwani a cikinta. Abin da ake nufi da ɗaukar sauti shi ne naɗar murya ko kiɗa a kan wani mazubi, kamar faifai ko kaset ko kwamfuta, domin a saurara daga baya. Masana waƙar baka sun kasa makaɗan Hausa gida biyu, wato na gado da na haye. Wannan babi zai nuna cewa ɗaukar sauti sana'ar haye ce, domin waɗanda suka fara ta ba su tarar da iyayensu suna yin ta ba, kuma ba a aji suka koye ta ba. Ƙananan ayyuka irin su tsaron shagon kaset da dakon lasifika su ne suka zame masu makaranta, kuma duk lokacin da na'ura ta sauya, wannan makaranta ita ma takan sauya.

2.1 Yanayin Wurin

Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni asalinsu ƙauyuka ne da ke wajen badalar Kano, inda noma ya kasance babbar sana'a. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967 ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo, birni ya ci gaba da faɗaɗa ta kan titin Zariya da titin Maiduguri har ya haɗiye su. An gina rukunin gidajen Kundila, da gidan namun daji wanda titin gidan Zu ya samo sunansa daga gare shi, da ma'ajiyar mai ta NNPC a Hotoro, sannan a shekarar 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Haka kuma tashar mota ta Unguwa Uku ta zama mahaɗar matafiya. A yau Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da wani sashe na Hotoro suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, sauran sashen Hotoro kuma yana cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa.

Wannan sauyi ya tara ma'aikata masu albashi da direbobi da baƙi a wuri ɗaya, kuma waɗannan su ne masu sayen rediyo da kaset. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gonaki sun koma filayen gini, saboda haka 'ya'yan manoma suka tashi ba su da gonar da za su gada. Dole ta sa suka nemi abin yi a bakin titi.

2.2 Ɗaukar Sauti Kafin Zuwan Kaset

Kafin kaset ya yaɗu, ɗaukar sauti aiki ne na hukuma da manyan kamfanoni. A shekarar 1944 Turawan mulkin mallaka suka kawo rediyo mai waya Kano, sannan a shekarar 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya ɗauki waƙoƙin makaɗa da yawa. Faifan garmaho kuwa kamfanoni irin su EMI, masu mazauni a Ikko, su ne suke buga shi, kuma ta hannunsu waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka fito a faifai. A wancan lokaci yaron unguwa ba shi da hanyar kusantar na'urar ɗaukar murya, sai fa idan ya yi karatun boko an ɗauke shi aiki a gidan rediyo.

Wannan aiki ya matso kusa da mutanen yankin ne a farkon shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV 67 a Hotoro. Bayan rasuwar Rimi a shekarar 2010 ne aka sauya wa gidan suna zuwa ARTV. Wasannin kwaikwayo irin su Bakan Gizo da aka shirya a wannan gida sun jawo ƙungiyoyin matasa masu wasan daɓe, inda suka ga yadda ake saita makirfo da yadda ake haɗa murya da hoto. Duk da haka, na'urorin na gwamnati ne, kuma ma'aikata ne kawai suke taɓa su.

2.3 Zamanin Kaset da Ƙananan Ayyukan Farko

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963, amma bai cika gidajen Kano ba sai a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na shekarar 1974, wanda ya sa ma'aikata da yawa suka mallaki rikoda. Bambancin kaset da faifai shi ne, duk mai rikoda yana iya ɗaukar murya da kansa, yana kuma iya kwafa. Daga nan ne sana'ar ta fita daga hannun hukuma ta shiga kasuwa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar manyan dillalai, su kuma ƙananan shaguna na unguwanni da tashoshin mota suna saro kaya daga can. Tsarin tsuke bakin aljihu na shekarar 1986 ya karya darajar naira, kayan waje suka yi tsada, aikin gwamnati ya yi wuya, don haka matasa suka ƙara karkata ga irin waɗannan shaguna.

Akwai ƙananan ayyuka guda huɗu da suka zama ƙofar shiga. Na farko shi ne tallan kaset a tasha da bakin masallacin Juma'a, inda yaro kan koyi abin da jama'a suke so, ko karatun Alƙur'ani, ko wa'azi, ko waƙoƙin Shata, ko na finafinan Indiya. Na biyu shi ne zaman kwafi a shago. A nan ne ake sa uwar kaset a rikoda ɗaya, a jona ta da wasu, yaro yana juya kaset mai minti 60 ko 90, yana goge kan rikoda da auduga, yana rubuta suna a jikin kwali. Da yake kowane kwafi yana rage kyan murya, kunnensa kan saba da rarrabe sauti mai tsabta da mai shashshaka. Na uku shi ne zama wurin mai gyaran rediyo, inda ake koyon narka dalma da gane wayar da ta tsinke. Na huɗu kuwa shi ne bin masu ba da hayar lasifika zuwa wurin biki da mauludi da tafsirin watan azumi. Yaron da ya fara da dakon batir da hawa bishiya don ɗaura lasifika, a hankali shi ake bar wa saita murya da ɗaukar karatun malam a kaset. Ƙungiyoyin masu bege da bandiri, waɗanda wasunsu suke ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya, su ma sun samar wa irin waɗannan yara aiki mai yawa.

2.4 Zamanin Fiyano da Buɗe Situdiyo

A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. Finafinan farko sun dogara da kayan kiɗan gargajiya, musamman na 'yan koroso da ke ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Daga baya aka shigo da fiyano, da farko na kamfanin Casio, sannan samfurin PSR na kamfanin Yamaha. Kamfanin Iyan-Tama na Alhaji Hamisu Lamiɗo yana cikin waɗanda suka fara buɗe situdiyo da irin wannan fiyano a shekarun 1990. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a shekarar 1999, ya tabbatar wa masu shirya fim cewa waƙa ita ke sayar da kaset. A shekarar ce kuma mujallar Fim ta fara fitowa, sunan Kannywood kuma ya bayyana a mujallar Tauraruwa.

Fiyano ya kawo sauye-sauye guda biyu. Na farko, mutum ɗaya yana iya fitar da amon ganga da sarewa da sauran kayan kiɗa, ba tare da tara makaɗa ba. Na biyu ya shafi matsayi a cikin al'umma. A al'adar Bahaushe kiɗa da roƙo tafiyarsu ɗaya, kuma gidan da ba su gada ba ba sa son ɗansu ya rataya kalangu. Amma wanda yake zaune a ɗaki gaban na'ura ana yi masa kallon mai aikin hannu, har ma akan kira shi injiniya. Wannan ya sauƙaƙa wa 'ya'yan malamai da na 'yan kasuwa da na ma'aikata shiga harkar, ko da yake ba duk iyaye ne suka amince ba.

Situdiyoyin farko suna cikin birni ne da kewayensa. Bayan shekarar 2000 ofisoshin masu shirya fim da situdiyoyi suka yi ta taruwa a benayen titin gidan Zu, wanda ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi. Ta haka yaron Tarauni ko na Hotoro ya samu kansa kusa da cibiyar sana'ar.

2.5 Matakan Koyon Aiki

Koyon aiki a situdiyo ya bi tsarin ubangida da yaronsa, kamar yadda yake a kasuwa. Babu takardar yarjejeniya, babu albashi tsayayye, sai kuɗin abinci da na mota da abin da mai waƙa ya ba da na alheri. Sabon yaro kan fara da shara da sayo abinci da tayar da janareta, wanda akan ajiye nesa domin kada ƙararsa ta shiga cikin waƙa. Daga nan sai a bar shi ya naɗe wayoyi, ya jona makirfo, ya gyara soson katifa da aka manna a bango don hana amsa-kuwwa. Mafi yawan koyon da ido da kunne ake yin sa. Yana kallon yadda mawaƙi kan rera karin waƙarsa, mai kiɗa ya nemo bugun da ya dace, a ɗora muryar jagora, a ɗora ta 'yan amshi, sannan a daidaita su.

Damar taɓa fiyano takan zo ne da dare bayan maigida ya tashi, ko kuma idan ƙaramin mawaƙin da ba shi da kuɗin biyan gwani ya yarda a gwada da shi. Idan hannunsa ya faɗa, sai a fara ba shi kaso daga kuɗin aikin da ya yi. Matakin ƙarshe shi ne sallama, ko dai maigida ya taimaka masa da tsohuwar na'ura, ko kuma su rabu da rigima a kan kuɗi, domin rashin rubutacciyar ƙa'ida yakan bar yaro ba shi da hujja. Ya kamata a lura cewa mata sun yi fice a rera waƙa, kamar su Rabi Mustapha da Fati Nijar, amma zama gaban na'ura ya kasance kusan na maza ne zalla, saboda kwanan situdiyo da koyon yake buƙata.

2.6 Tace Finafinai da Zuwan Kwamfuta

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a shekarar 2001. A shekarar 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida, aka kuma tsaurara sharuɗɗan rajista, abin da ya sa wasu suka koma Kaduna. Da yake yaran situdiyo ba su da albashi, su ne suka fi jin jiki. Situdiyoyin da suka tsira sun ƙara dogara da waƙoƙin biki da na siyasa da na bege, da tallace-tallace na gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom da aka buɗe a shekarar 2003.

A cikin waɗannan shekaru ne kwamfuta ta maye gurbin kaset wajen ɗaukar murya, ta hanyar manhajoji irin su Cubase da FL Studio. Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, daga baya ta zama rikodar kowa. Kaset ya ba faifan sidi wuri, shi ma sidi ya ba memori wuri. Shagon kwafi ya mutu, masu tura waƙa a waya suka gaje shi na wani lokaci, kafin intanet ta rage masu kasuwa. A yau matashi yana iya fara haɗa kiɗa a ɗakinsa da kwamfutar tafi-da-gidanka, yana koyo daga YouTube. Shiga sana'ar ta yi sauƙi ƙwarai, sai dai an rasa horon kunne da sanin kasuwa da tsofaffin matakan suke bayarwa, kuma yawan masu yi ya karya farashin aiki.

2.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ɗaukar sauti ta taso daga hannun hukuma da kamfanoni, ta shiga shagon kaset, ta koma situdiyo, daga ƙarshe ta shiga ɗakin kwana. An kuma ga cewa ƙananan ayyukan da ake rainawa su ne suka horar da masu wannan sana'a a Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Matsalar da ta fito fili ita ce, kwalin kaset ya fi ɗaukar sunan mawaƙi da hoton jarumi, ba kasafai ake rubuta wanda ya ɗauki muryar ba, kuma zafi da ƙura suna cinye uwayen kaset ɗin da suka rage a shaguna da gidaje. Idan ba a tattara su an ji ta bakin masu su ba tun suna raye, wani sashe na tarihin waƙar Hausa zai salwanta. Babi na gaba zai duba kalmomin da wannan sana'a ta shigo da su cikin harshen Hausa.