Jami'a da Yaron Karkara a Arewacin Zazzau

A cikin 1958 Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok, a Amurka, ta buɗe azuzuwan safiyar Asabar domin 'yan sakandare masu himma wajen lissafi da kimiyya. Malaman jami'ar ke koyarwa, yaro kuwa bai bar makarantarsa ba, bai bar gidan ubansa ba. Tun gabanin wannan, wajen 1935, malaman Jami'ar Mosko sun riga sun soma tara 'yan makaranta ran Lahadi suna yi musu lacca a kan lissafi. Abin da nake so in bincika a nan shi ne dalilin da ya hana wannan al'ada yin saiwa a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ga su kuwa a gindin Jami'ar Ahmadu Bello.

Ba za a ce jami'a ta kulle kanta a cikin shinge ba. Shekara guda bayan buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, watau a 1949, aka kafa mata sashen koyar da mutanen gari, Robert Gardiner, mutumin Gana, shi ya fara shugabancinsa. Laccocinsa sun iso manyan garuruwan Arewa, amma akawuna da malaman makaranta ke zuwa. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin Oktoba 1962 sai ta bi wannan sawu. Cibiyar Ilmi da ta kafa a 1965 ta riƙa kiran malamai kwas a lokacin dogon hutu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta aika ma'aikatanta har cikin ƙauyuka. A zamanin Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, sa'an nan a 1976 aka kafa jarrabawar IJMB. Duk wanda ya dubi waɗannan zai ga abu guda: ko dai babba aka nufa, ko kuwa wanda ya riga ya gama sakandare. Ɗan aji biyu ko uku na makarantar ƙauye kamar Furana ba ya cikin lissafi.

Dalili na farko, a ganina, gado ne. Tun zamanin Turawa, idan an ga yaro mai ƙwaƙwalwa a Arewa, ba a kai masa ilmi, shi ake ɗaukewa a kai wa ilmi. Daga elementare sai Midil ta birnin lardi, ta kwana. Wanda ya yi fice sai Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Hanyar ta haifar da manyan mutane, babu musu. Amma fa rairaya ce ta sau ɗaya. Yaron da hankalinsa bai buɗe ba sai bayan ranar zaɓe, ko wanda ubansa bai yarda ya sake shi ba, ya rasa ke nan. 'Ya mace kuwa ba a ma faye maganarta ba. Har a 1990, da Gwamnatin Tarayya ta so ta kula da yara masu baiwa, makarantar kwana ta buɗe musu a Suleja. Tunanin bai sāke ba.

Ga kuma nisa. Yaron Niyok jirgin ƙasa yake hawa ya je ya komo kafin azahar. Na Furana sai ya fita titi, ya sauka Zariya, ya sake mota zuwa Samaru, ko wace gaɓa da kuɗinta.

Dalilin da na fi ba wa ƙarfi shi ne na lokaci. Kalmar "ƙarshen mako" baƙuwa ce, fassara aka yi. Sunayen Asabar da Lahadi daga Larabci muka aro su, ba su zo mana da ma'anar hutu ba. Hutun da Bahaushe ya sani na makarantar allo ne, Alhamis da Jumma'a. Neman ƙarin ilmi don ganin dama kuwa ba baƙon abu ba ne a gare shi: ɗalibi mai himma yakan ɗauki littafinsa ya tafi zauren malami a birnin Zazzau, ba jarrabawa, ba takardar shaida, sai ya sauke ya ɗauki wani. In ana neman abin da ya fi kama da ajin Asabar a ƙasar Hausa, to, ga shi nan, ya kuwa girmi jami'a nesa. Da boko ta bar Asabar da Lahadi babu aji, makarantun Islamiyya ne suka cike gurbin, kuma iyaye sun yi na'am da haka.

Abin da ya saura gona ta cinye. Wani abin mamaki, jami'ar ce da kanta ta auna wannan. Wajen 1966 David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka bi aikin manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka nuna cewa a watannin Yuni da Yuli, lokacin noma da maimai, ƙarancin hannu shi ke ƙayyade abin da gida zai girbe. Wannan ilmi ya amfani masu tsara aikin gona ƙwarai, amma ban ga alamarsa a kalandar makaranta ba. Rani ma ba hutu ba ne a wannan yanki, gama ga saran rake da dafa mazarƙwaila a Makarfi da Kudan, ga ban ruwan tumatir a Ikara. Ranakun hutun allo na boko ne, na hutun boko kuma na Islamiyya ne da gona. Dogon hutu kansa, wanda jami'a ke iya buɗe ɗakunanta a cikinsa, tsakiyar damina yake faɗawa, malamai kuma aka keɓe wa shi tun farko.