Kawu, Wa Zan Bar Ma Su? Tarihin Amanar Dabba Daga Isa Zuwa Landan

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa. Wani ɗan abu ne ya faru a gidanmu na Isa, ya tsaya mini a rai, har ya sa na shiga tone-tone a kan abin da ban taɓa zaton zan ɓata tawada dominsa ba, wato ɓeran Masar.

Da daminar bara waccan ƙanwata da 'ya'yanta suka baro ƙauyensu cikin dare, suka iso gidanmu da asuba. Ba sai na faɗi dalili ba, duk wanda ya san ƙasar Isa da Sabon Birni ya san shi. An kore awakinta, kaji sun watse. Ban da mutane, abin da ya iso da rai shi ne ɓerayen Masar guda uku da ɗanta mai shekara goma ya saka a tsohuwar ƙwarya ya rufe da faifai. Bayan 'yan kwanaki aka yanke shawara za su wuce Sakkwato wurin dangin mijinta, inda ɗaki ɗaya ne zai ɗauke su su bakwai. Yaron ya same ni a zaure ya durƙusa, ya ce, "Kawu, wa zan bar ma su?" Na yi dariya na ce a yanka kowa ya huta. Kallon da ya yi mini shi ya sa na haɗiye dariyar.

Tambayar yaron nan tsohuwa ce a ƙasar Gobir, domin ƙasa ce da ta daɗe da sanin ƙaura. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo suka ja layi a tsakiyar dangi, wasu suka faɗa hannun Ingila, wasu hannun Faransa. Wajen 1891 annobar shanu da Fulani suka kira sannu ta share garkuna, sannan ga farin 1973 da na 1984. Mutanen da suka ga irin wannan rayuwa dole su samo amsar tambayar nan: idan ba zan iya riƙe dabbata ba, ina zan kai ta?

Amsar kakanninmu ita ce mutum, ba gini ba. Manomi mai 'yan shanu sai ya damƙa wa Bafulatani amana, shi makiyayi ya sha nono, da rani garke ya kwana a gonar mai shanu ya bar masa taki. Macen da ba ta da wurin ɗaure akuya sai ta ba 'yar'uwarta kiwo, idan ta haihu a raba 'ya'yan bisa yadda aka shirya. Da yawa daga cikin jajayen awakin nan namu, waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai, a hannun wadda ba mai su ba suka girma. Fulanin Nijar kuwa suna da habbanaya: a ba wanda ya rasa garke aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, galibi sau uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Dabbar da ta ɓata kuma wanda ya tsince ta sai ya kai ƙofar mai gari, ran kasuwa a yi cigiya.

Wannan duka yana da tushe a karatun zaure. Wanda ya karanta Risala ya san babin tsintuwa ya bambanta raƙumi da tunkiya. Raƙumin da ya ɓata a daji ba a taɓa shi, don zai iya nema wa kansa ruwa da ganye, amma tunkiyar da aka samu inda babu mutane an yarda a ɗauke ta, don in an bar ta kura ce za ta ci. A Muhtasar kuma an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta shi ya sayar. Ka ga ke nan malamanmu sun auna hukunci da ƙarfin dabbar da buƙatarta. Har gidan ajiye dabbobi Musulmi sun taɓa yi, domin an ruwaito cewa Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Turawan Ingila sun bi wata hanya daban, don rayuwar birni ta raba su da maƙwabcin da za a bar wa amana. A 1822 majalisarsu ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana cutar da dabbobi a Landan, wadda yau ake kira RSPCA. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata ko aka yasar, jaridu suka yi ta yi mata ba'a, amma gidan ya koma unguwar Battersea a 1871, yana nan har gobe. Tsarin shi ne, wanda ya kasa riƙe dabbarsa ya kai ta, ya sa hannu ya sallama, su duba lafiyarta, su nemo mata sabon mai riƙo bayan sun bincika irin wurin da zai ajiye ta.

Amma kada mai karatu ya ɗauka gini ne ke hana mutum firgita. A watan Satumba na 1939, da aka shelanta Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Landan suka yi layi a ƙofar likitocin dabbobi da gidajen nan don a kashe musu karnuka da kyanwoyi, saboda tsoron bama-bamai da yunwa. Masana tarihi sun ƙiyasta dabbobi wajen 400,000 aka hallaka a makon farko, alhali sai bayan shekara guda aka fara yi wa birnin ruwan bama-bamai. Da na karanta wannan sai na tuna maganata ta zaure, na ji kunya.

To mu me ya same mu? Tsarinmu na amana yana tsaye ne a kan abu ɗaya, wato idan kai ka tashi, wani yana nan. Ta'addancin 'yan bindiga ya tumɓuke wannan. A 2019 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma yanke layin waya na wani lokaci, mai akuya ya rasa inda zai sayar. Idan gari duka ya tashi, wa zai karɓi kiwo? Mai garin da za a kai wa tsintuwa shi ma yana gudun hijira. Mafi ciwo, yardar da ke tsakanin manomi da makiyayi, wadda aka gina shekara da shekaru, ta tsage, alhali makiyayan kirki su ma an kwashe musu shanu. Saniyar da a da take rufin asiri ta koma abin da ke jawo wa gida bala'i.

Nan ne ɓeran Masar ya shigo. Sunansa ma abin dariya ne, don ba ɗan Masar ba ne. Asalinsa duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa don nama. A ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai. Ingilishi suka jingina shi ga Gini, Faransawa suka ce aladen Indiya ne, mu kuma muka ba Masar, kamar yadda muka yi wa masara, wadda ita ma daga Amurka ta fito. Kowa ya ba shi garin da ba nasa ba.

A gabashin Kwango, yankin Kibu, yaƙin da ya ɓarke tun shekarun 1990 ya yi wa manoma irin abin da ake yi mana. Masu bindiga suka kwashe shanu da awaki, sai mata da yara suka koma kiwon wannan ɗan ɓera. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kansa, yana zama a madafa, yana cin ciyawa da ɓawon kayan miya, in gudu ya kama a zuba shi a kwando. Da shi ake samun nama, da shi yara da yawa suka biya kuɗin makaranta. Ashe ɗan ƙanwata bai yi wauta ba da ya ɗauko ƙwaryarsa.

Sai dai karɓar amana daban, sanin haƙƙinta daban. Na karɓi ɓerayen, na sa su a kejin waya ƙarƙashin rumfar kwano. Da bazara ta zo, rana ɗaya na tarar ɗaya ya miƙe. Ni na kashe shi da jahilci, don dabbar duwatsu masu sanyi ce, zafin da ya kai awo 30 yana galabaitar da ita, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Daga nan na nemi sani, ga kuma abin da na samu, ko wani zai amfana.

Wurinsa ya zama ɗaki mai sanyi da iska, irin ɗakin ƙasa, ba ƙarƙashin kwano ba. Kada a sa shi a kan ragar waya, tana ji masa ciwo a tafin ƙafa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa sauyawa. Ba ya hawa, ba ya dogon tsalle, don haka gajeriyar katanga ta ishe shi, amma a kare shi daga kyanwa da ɓeran gida, a ba shi fili da ɗan wurin ɓuya. Haƙoransa ba sa daina tsiro, sai ya yini yana tauna ciyawa ko harawa suke lisawa, dusa kaɗai ba ta isa. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C, dole kullum ya samu ɗanyen ganye ko ɗan tattasai, in ba haka ba gaɓoɓinsa su kumbura. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Kada a ɗura masa maganin jinsin fenisilin yadda muke yi wa kaji, yana iya kashe shi. Cikin macen ya ɗan haura wata biyu, 'ya'yan suna fitowa da gashi, ido buɗe, kuma tana iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu, don haka wanda ba ya son su fi ƙarfinsa ya raba maza da mata da wuri. Yana kai shekara biyar zuwa bakwai, ba abin wasan hutun makaranta ba ne.

Sannan ba ya zama shi kaɗai, dabbar garke ce. Tun 2008 dokar ƙasar Suwizalan ta hana ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tilo. Har aka samu wata mata a can da ke ba da aron ɓera ga wanda ɗaya daga cikin nasa biyu ya mutu, ya zauna da na gidan har ƙarshen ransa sannan a mayar mata. Na ce ikon Allah, ai wannan habbanaya ce ta je Turai.

Ba ina cewa a gina wa ɓeraye gida a Isa ba alhali 'yan Adam na kwana a makarantu da tashoshin mota. Wanda ya faɗi haka bai san halin da muke ciki ba. Abin da nake cewa shi ne, mu da muke cikin gari, muna da ɗan fili a bayan ɗaki, mu ne gidan ajiyar da ya rage. Idan ɗan'uwa ya iso da akuya ɗaya ko tantabaru ko zomo, kada mu saye a wulaƙance don mun ga ya matsu. Mu karɓa kiwo kamar yadda iyayenmu suka yi, a gaban shaidu, a faɗi rabon kowa. Sau da yawa wannan dabbar ita kaɗai ce jarin da zai sake tashi da shi. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, ya faɗi gaskiya a nemi wani, ya fi ya karɓa ta mutu a hannunsa.

Biyun da suka rage yanzu sun zama tara, suna ɗakin ƙasa na bayan gida, uwargida ce ke kula da su. Duk ran da na yi waya Sakkwato, kafin uwarsa ta gama gaisuwa yaron ya karɓe wayar yana tambayar nawa suka zama. Na gaya masa gaskiyar wanda ya mutu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai Kawu, ai ba ka sani ba." Mun shirya da shi, ran da suka koma gida zai ɗauki uwar da rabin 'ya'yan.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.